An ce yatsu uku da rabi ne, ni kuma har kafaɗa nake ji

Mai kitso, Jekadafari

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka taɓa fama da matsewar jijiyar tsintsiyar hannu, wadda likitoci ke kira kafal tanal, su ba ni labarin nasu. Shekarata 14 ina kitso. Tun bayan babbar sallah hannuna na dama ke tashina wajen ƙarfe 2 na dare, ya sage kamar ba nawa ba, sai na sauko da shi gefen gado na yi ta yarfewa kafin ya dawo. Likita ya ce jijiyar da ta matse, babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe kaɗai take kula da su. To ni zugin ba ya tsayawa nan. Yana bin damtse, ya wuce gwiwar hannu, wani daren har kafaɗa. Abin da ya fi ɗaure min kai, yanzu ko awarwaro ba na iya sawa, da ya taɓa fatar sai in ji kamar an goga min barkono. Maigida ya fara cewa raki ne. Ni kaɗai ce haka?

Mai ɗinkin hula, Bolari

Adda, ba ke kaɗai ba ce. Ni da likita ya tambaye ni waɗanne yatsu ne, har rantsuwa na yi cewa duka biyar ɗin. Ya yi dariya ya ce in ya sake tashina da dare kada in yarfe, in fara mintsinar su ɗaya bayan ɗaya. Na yi. Wallahi ƙaramin yatsa garau yake, na ji mintsinin sarai, sauran ne kamar na taɓa itace. Ashe shi jijiyarsa daban ce, ta bayan gwiwar hannu take biyowa. Cikin magagin barci mutum ba ya bambancewa, hannu ne dai gaba ɗaya ya mutu. Allura kuwa ta sha faɗuwa daga hannuna ban sani ba, sai in ga zare yana lilo. Hular da nake gamawa a sati biyu yanzu sai ta haura wata.

Ɗan acaba, Pantami

Ni kafaɗar ce ma ta yaudare ni. Da yake can ya fi yi min zugi, na ɗauka daga can ciwon yake saukowa. Sau biyu wanzami ya yi min ƙaho a kafaɗa, man zafi kuwa ba irin wanda ban shafa ba. Daga baya na koma shan maganin ciwon jiki na kemis safe da yamma, har cikina ya fara ƙuna aka ce olsa ce, aka hana ni. Duk wannan wahala ashe matsalar tana nan inda nake murɗa totur. In na yi jigila daga Tashar Dukku zuwa Tumfure sau huɗu a jere, sai na tsaya na saki kan babur saboda girgizar.

Maganar fata da kika yi, nawa sanyi ne ba ya so. Da hunturu, ruwan alwalar asuba in ya zuba a hannun kamar an watsa min ƙusoshi. Kuma har na hagun, wanda ba ya sagewa, shi ma ya koyi tsoron ruwan sanyi. Wannan ne ban gane ba har yau.

Maman 'yan biyu, Kumo

Nawa da ciki ya zo, ina wata bakwai, lokacin da ƙafa da hannu suka kumbura har zobe ya ƙi fita. Muciya ma gagarata ta yi. Goggona ta ce sanyi ne, a wajen awo aka ce ruwan da ya taru a jiki ne ke matse jijiyar, aka ba ni abin ɗaure hannu in kwana da shi. Wata biyu da haihuwa na neme shi na rasa. Goggo har gobe cewa take wankan jego ne ya kore shi, ni dai ban yi mata musu ba.

Ma'aikacin gashin ƙashi, Gombe

Adda mai kitso, a gaya wa maigida ba raki ba ne. A tsintsiyar hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8 da suka yi kamar kwalbati, wani tantani mai kauri da tauri ya rufe samansa. Ta cikin wannan 'yar ƙofar igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, jijiyar jin taɓi ta cika ta goma. Ƙofar ba ta buɗewa, don haka da wani abu ya kumbura, jijiyar ce ke shan matsa. Dalilin tashinku da dare kuwa, yawancinmu da hannu a lanƙwashe muke barci.

Sai batun yaɗuwa, wanda shi ne kuka fi tambaya. Jijiyar nan daga wuya ta taso ta bi hannu har yatsu, shi ya sa ake iya jin zuginta a hanya. Bayan haka, in ta yi watanni tana aika saƙon ciwo, laka da ƙwaƙwalwa sukan zama a tsorace. Kamar karen gidan da ɓarayi suka addaba ne, daga baya ko kaza ce ta gifta sai ya yi haushi. Awarwaro da ruwan sanyi su ne kazar. Kuma tunda tsoron a laka da ƙwaƙwalwa yake, ɗaya hannun ma yakan samu rabonsa, abin da ɗan acaba ya lura da shi ke nan. Wani lokacin kuma ciwon ne ya kama hannu biyun, don hakan ba baƙon abu ba ne.

Abin da zai ba ku mamaki, faɗin wurin da ke ciwo ba shi ne ma'aunin lalacewar jijiya ba. Sau da yawa mai kukan har kafaɗa, in aka yi masa gwajin jijiya na lantarki sai a ga matsewar ba ta yi tsanani ba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai cewa ciwo ya lafa amma yatsu ba sa ji dare da rana, tudun naman gindin babban yatsa kuma ya fara lotsawa. A duba suga, a duba maƙoƙo, domin duka biyun suna kawo shi. Amma hannun da ya mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana, ko ciwon hannun hagu tare da nauyin ƙirji, wannan ba namu ba ne, asibiti ake gudu a take.

Tsohon akawu, Herwagana

Yarona, kamar da ni kake. Shekara 30 ina bugun tafireta, ga ciwon suga. Na dama ya yi shekaru yana damuna, rannan ya yi shiru, na yi hamdala. Sai na ga maɓallin riga na gagarata, ina jan carbi ba na jin ƙwayar a yatsa. Jikata ce ta lura tafin hannuna ya yi rami. An yi aiki, amma har yau kan yatsun ba su dawo daidai ba, an ce na makara.

Na hagu da ya fara ban tsaya ba. Idona biyu aka yi, allurar kashe zafi kawai aka yi wa wurin, aka tsaga murfin kwalbatin nan da ma'aikacin gashin ƙashi ya faɗa, ranar na kwana a gida. Wurin ɗinkin ya yi makonni yana tsami in na dafa ƙasa zan tashi daga sujada. Amma ciwon da ke hawa kafaɗa, 'yata, ya tafi, alhali ba wanda ya taɓa kafaɗar.

Malama, Bajoga

Ni dai zan ɗan ja birki. Wata biyu ina kwana da abin ɗaure hannu ba sauƙi, ashe nawa daga wuya ne, ƙashi ya danne jijiyar tun daga tushe. Alamar da na raina ita ce in na ɗaga kai ko na waiga sai abu ya tsarga min har yatsa. Adda, ki ce a duba wuyanki ma, kada a tsaya a hannu.

Mai kitso, Jekadafari

Na gode ƙwarai, Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya. Jiya da ya tashe ni na gwada mintsinin, ƙaramin yatsa lafiyarsa lau. Na juya wuya hagu da dama ban ji komai ba, amma zan faɗa wa likita duk da haka, Malama. Na karanta wa maigida zancen kare da kaza, bai ce uffan ba, da yamma dai sai ga shi da abin ɗaure hannun mai ƙarfe a ciki, kamar karan ɗori. Ranar Litinin zan je gwajin suga. Baba, naman gindin yatsana bai lotsa ba tukuna, na duba ya fi sau goma.

Tambaya ɗaya ta rage. Ina da amare biyu ranar Alhamis, duka ƙananan kalaba suke so, kuma na riga na karɓi kuɗi. Akwai mai kitso a nan da ke hutu a kusa da Jekadafari ta kama min kai ɗaya mu raba?