Takin tallafin nan yana ƙara amfanin gona kuwa?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Ina zaune a Jos amma gonarmu ta masara tana wajen Mangu, hekta ɗaya da ɗan wani abu. Bara na yi rajista aka ce za a ba mu taki a rabin kuɗi, na ƙi saye a kasuwa ina ta jira, wallahi sai da masara ta fara goyo sannan aka kira ni, buhu biyu. Na zuba dai don kar a ce ban zuba ba amma ganyen ƙasa duk ya riga ya yi ɗorawa. To don Allah waɗanda suka daɗe a noma, tallafin nan akwai wanda ya taɓa ganin amfaninsa a rumbu?

Baba Manomi:
Wa alaikumus salam ɗana. Akwai mana. Lokacin Adesina yana ministan gona, 2012 ke nan, saƙo ke shigowa waya ka je wurin dila ka biya rabi ka ɗauki kamfa (wato takin NPK) buhu ɗaya, yuriya buhu ɗaya, shekarar da ya zo mini kan kari masarata har maƙwabta sun zo kallo. Ita masara ba ta jiran kowa, kamfa cikin sati biyun farko, yuriya wajen sati biyar zuwa shida, in ka wuce nan asarar kuɗi ce. Kuma buhu biyu ba ya isar hekta, sai dai ya rage maka zafi.

Maman Yara Bukur:
Gaskiya ne Baba, ni abin da ke damuna kowa taki taki, mu masu dankalin Turawa a Bokkos ko an ba ka taki kyauta in irinka ya gaji ko cutar nan mai ƙona ganye ta shigo lokacin da ruwa ya yi yawa, cikin kwana kaɗan gona ta yi baƙi ƙirin, kana ji kana gani. Da za su haɗa da iri mai kyau da maganin feshi da ya fi mana, ga cibiyar binciken dankali nan Kuru kusa da mu.

Sani Faringada:
Lokacin Buhari da aka yi yarjejeniya da Maroko buhun NPK ya sauko naira 5,500, a ganina wannan ya fi kai wa talaka don babu zancen wa ka sani. Na rabo kam wani ko fartanya bai taɓa riƙewa ba zai karɓa, washegari ka ga buhun a kasuwa. Malam ka nemi kashin kaji tun da rani, gidajen kaji sun yi yawa a Jos, ka watsa kafin huɗa.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bana zan sayi kamfa buhu uku tun watan Afrilu in ajiye. Malam Sani nawa buhun kashin kajin yake yanzu, kuma ana samun mai kaiwa har Mangu?