Shawarwari kan camfin taɓa katako

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan camfi na Turawa, an bayyana cewa mutumin Ingila yakan taɓa katako, Ba'amurke kuma ya ƙwanƙwasa shi, da zarar ya ambaci wani alheri da yake tsoron ya kuɓuce masa. A Italiya kuwa ƙarfe ake taɓawa. Shawarar da ta rinjaya ita ce, wanda ya ga abokin aikinsa ya dangwala yatsa a tebur bayan ya ce bai taɓa yin hatsari ba, kada ya yi masa ba'a, domin ga yawancinsu sabo ne kawai.

An fi daɗewa a kan 'yan tsana masu kan katako da jikin azurfa, waɗanda iyalai suka riƙa bai wa sojojin Birtaniya a yaƙin 1914 zuwa 1918 saboda wannan camfi, don su riƙa taɓa katakon. An shawarci wanda ya gaji irinsu ya adana su don tunawa da mai su, kada ya ɗauke su laya, kuma ni ma ra'ayina ke nan. A nisanta su da danshi da zafin rana, a goge su da busasshen ƙyalle kawai, domin tsohon katako yana saurin tsagewa idan ya sha ruwa.