Musayar Waƙa: Kai Yara Gidan Zoo

Ɗan Gandun Albasa:
Mai kai yara gidan zoo na Kano,
Ƙarfe tara ka isa, kar ka makara.
Da hantsi zaki ke kai-komo,
Azahar na yi sai barci, ba ko harara.
Ran Salla da washegari ka haƙura,
Cikin turmutsutsu ake ɓatar da yara.
Audu Bako ya kafa shi a mulkin soja,
Fili ne babba, ƙafa sai ta yi ƙara.

Uwar Biyu:
Yaya Ɗan Gandu, ka san barcin zaki,
Ƙishin yaro ne ba ka lissafa ba.
Yara goma, fiya wata jaka biyu,
Ashirin-ashirin, ɗaya ba za ta isa ba.
Zoɓo a daskare tun dare, a sa a kula,
Salak da bama ba za su kai azahar ba.
Babba ɗaya yara uku, a ƙirga a ƙofa,
Lambar waya a aljihu in yaro bai haddace ba.

Malam Na-Aruli:
Hajiya, shawara ta yi, amma amsa-amo da "ba" na malalaci ne, duk jimlar korewa kyauta take ba da shi. Ɗangon ƙarshe kuma ya yi wa 'yan'uwansa tsawo, sai an ja numfashi biyu kafin a kai.

Ɗan Filato:
Kanawa ku rage baki kan zoo,
A 2019 kun ba duniya dariya.
Wai goggon biri ya haɗiye miliyan 6.8,
Gwamna ya ce ba goggo a gidan gaba ɗaya!

Ɗan Gandun Albasa:
Laifi tudu ne, ɗan'uwa na Jos,
Zakinku ya ɓalle a 2015 aka bindige.
Namu ya fita, ya ci awaki ya ƙoshi,
Da ransa aka mai da shi keji aka katange.

'Yar Fagge:
Kai! Allah ya ƙara basira Yaya. Kano tumbin giwa! Ɗan Filato a je a sha shayi, sanyi ya daskarar da alƙalami.

Anti Nas:
Kar yaro ya miƙa wa biri gyaɗa ta waya,
Da yatsa yake haɗawa in ya kai cafka.
In ya ciza ko ya yakusa, sabulu da ruwa,
Minti 15 ana wanki, kar a barbaɗa toka.
Sai asibiti a ranar, kar a kwana,
Allurar haukan kare ce, ba rubutun boka.
Jimina kuwa abu mai ƙyalli take sara,
A cire wa yarinya ɗan kunne da sarƙa.

Malam Na-Aruli:
Anti, cafka, toka, boka, sai kuma sarƙa? Ka daban, ƙa mai lanƙwasa daban. Amsa-amo ya karye a bakin gaɓa.

'Yar Fagge:
Malam, kunne ke sauraron waƙa ko ma'auni? Tun safe kana gyara, baiti ɗaya ba ka kawo ba.

Malam Na-Aruli:
Ɗiyata, mai awo ba dole ya yi noma ba.

Uwar Biyu:
Malam mai awon gaɓa da mudu,
Ga "ba" na ƙara, ban kuwa tuba ba.
A tattara leda a jaka a fito da ita,
Cikin barewa ba zai narkar da ita ba.
Hanji take toshewa, dabba ta rame,
Har ta mutu mai gadi bai gane ba.

Ɗan Filato:
Kwana biyu ba caji, yanzu na gani.
'Yar Fagge, shayin na sha, ga saƙo:
Kada in ya hangame baki a rana,
Zafi yake fitarwa, idonsa na kan ƙeto... a'a, na kan leƙo.
Kar a ɗora yaro kan katanga don hoto,
Tsalle ɗaya yake yi, ba ya jiran saƙo.

Malam Na-Aruli:
Saƙo sau biyu a baiti ɗaya, ga gyara a tsakiyar ɗango. Inna lillahi.