Neman shawara: gyambon ƙafar Baba ya ƙi warkewa, likita kuma ya ce sai siminti

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara musamman daga ma'aikatan lafiyan da ke cikinmu. Mahaifina ya daɗe da ciwon suga, yanzu gyambo ya fito masa a tafin ƙafa daidai ƙarƙashin babban yatsa, an daɗe ana wankin ciwo amma kamar ba a yi, gefen ya yi kanta fari-fari tsakiyar kuma ja, shi kuma ya ce ba ya jin zafin komai don haka yawonsa yake a kai. Likita ya ce a sa masa siminti har gwiwa irin na karaya, to 'yan gida sun ƙi, wai mutum bai karye ba me ya haɗa shi da siminti, kuma in aka rufe ciwo ai ruɓewa zai yi. Ni kuma na ga ana ta maganar sabbin bandeji da aka yi bincike a kansu wai suna haɗe irin wannan ciwon da sauri. In nemo bandejin a bar maganar siminti? Wallahi tsorona kar a kai ga yanke ƙafa.

Wani memba:
Allah ya ba Baba lafiya. Ku gwada zuma mai kyau, ana ta yabonta a kan gyambo.

Sista, ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dan girman Allah kar ku raina maganar likitan nan. Rashin jin zafin da Baba yake faɗa ba sauƙi ba ne, suga ne ya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, shi ya sa yake taka ciwon hankalinsa kwance. Naman da ya fara tsirowa da dare, da safe ya taka ya murƙushe shi, kamar mai gini ne kullum ana rushe masa, ko wane irin bandeji ka ɗora haka za a yi ta yi. Aikin simintin shi ne ya ɗauke nauyi daga kan ciwon ya raba shi a sauran ƙafar.

An gwada wannan tun 2001 a Amurka, wani likitan ƙafa mai suna Armstrong da abokan aikinsa suka raba marasa lafiya gida uku. Cikin sati 12 kusan kashi 90 cikin 100 na masu siminti sun warke, masu takalmin da ake iya cirewa kashi 65, masu rabin takalmi (wanda ke mayar da nauyi kan diddige) kashi 58. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne binciken da suka biyo da shi a 2003, suka sa wa mutane na'urar ƙirga taku, sai aka ga masu takalmin cirewa kashi 28 kawai na takunsu suke yi da shi a ƙafa. Mutum zai sa in zai fita, a cikin gida kuma ya ajiye, ai banɗaki ne kawai, ai nan da ƙofa ne. Mu ma haka muke gani, ka ga takalmin tsaf ko ƙura babu, ciwon kuma yana nan jiya i yau.

Batun ruɓewa kuma, ba sa shi ake yi a manta ba, ana cirewa kamar duk sati a duba, a kankare kantar da mataccen nama a sake sabo.

Likita:
Sista ta gama magana kan nauyi, ni ƙari zan yi. Kafin a sa siminti abu biyu ya kamata a tabbatar, jini yana sauka ƙafar yadda ya kamata, kuma ciwon bai harbu sosai ba. A taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu, a auna hawan jini na ƙafa a gwada da na hannu. In hanyar jini ta toshe sosai to sai likitan jijiyoyin jini ya shigo, siminti kan irin wannan ƙafar haɗari ne. Sannan a zura ɗan ƙarfe mai tsabta cikin ciwon, in ya taɓa ƙashi sai a yi hoto a duba ko ƙashin ya kamu.

Bandejin da ka ji labari ba ƙarya ba ne, akwai. A 2018 an buga binciken Explorer da aka yi a ƙasashen Turai biyar kan mutum 240, bandeji mai sinadarin sucrose octasulfate ya rufe kashi 48 na ciwukan cikin sati 20, na gama-gari kuma kashi 30. A shekarar dai aka buga sakamakon gwajin LeucoPatch, wanda ake haɗawa daga jinin shi marar lafiyan, da aka yi a Birtaniya da Denmark da Sweden, kashi 34 suka warke, waɗanda ba a sa musu shi ba kuma kashi 22. Amma duk waɗannan mutanen an riga an ɗauke musu nauyi daga kan ciwo, ana kankare shi, ana kula da sugansu, bandejin ɗori ne a kai. Ba a gwada shi a matsayin madadin siminti ba.

Zuma kuwa, ɗan uwa na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma ƙa'idojin ƙungiyar masana ƙafar masu suga ta duniya, IWGDF, na 2023 sun ce kar a yi amfani da ita don warkar da wannan gyambon, hujjar ba ta kai ba. Haka antibayotik, ba a sha in ciwo bai harbu ba.

Wani dattijo mai suga:
Ɗana ni na sa simintin nan, akwai takura ba ƙarya, wanka sai dabara, barci ma sai na sa filo tsakanin ƙafafu kar ya goge min ɗayar. Amma ya rufe. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne bayan ya warke, don likitana ya ce kusan mutum 4 cikin 10 ciwon yana dawo musu cikin shekara guda. Ni yanzu kullum sai na sa madubi a ƙasa na leƙa tafin ƙafata, kuma sai na zura hannu cikin takalmi kafin in sa, don ko tsakuwa ce a ciki ba zan ji ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita to ya za mu gane ana samun ci gaba, kuma in Baba ya kafe ya ce shi ba ya so fa?

Likita:
Ku sa a auna tsawo da faɗin ciwon a rubuta, ka riƙa ɗaukar hoto da waya duk ranar wanki. An gano cewa ciwon da bai ragu da kusan rabi ba cikin sati 4 da wuya ya rufe a sati 12, to a nan ne ake sake lale a yi maganar su bandejin nan. In ya ƙi siminti akwai takalmin mai kaiwa gwiwa, ana iya naɗe shi da bandeji yadda ba zai ciru ba. Amma ka ji wannan da kyau, in ƙafar ta kumbura ta yi ja tana zafi, ko wari da mugunya, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi, ko suga ya hau ya ƙi sauka, kar ku jira ranar da aka ba ku, a ranar za ku kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.