Zanen Turawa biyu suna yanka duniya da wuƙa: wa ya san labarinsa?

Baban Hafsat, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ina shagon ɗinki ɗana ya miƙo min waya, wai malaminsu na tarihi ya ba su wani tsohon zane. Turawa biyu ne a teburin abinci, a gabansu duniya ce a faranti kamar malmalar tuwo, har tururi take yi. Ɗaya dogo siriri, ya kafa cokali mai yatsu cikin teku yana yanka. Ɗayan gajere da ƙatuwar hula mai gashin tsuntsu, ya zaro idanu, da takobi yake yankan nasa. Na ajiye almakashi na daɗe ina kallo, don kakata 'yar Mubi ce, mu kuma ga mu a Garwa, zumunci sai da takarda da tsayawa wurin duwan, wato kwastan. Shin rabon ƙasarmu aka zana a nan?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam Baban Hafsat. James Gillray ya zana shi a Landan a 1805. Dogon William Pitt ne, firaministan Ingila, gajeren kuma Napoleon. Pitt ya ɗauki teku saboda ƙarfin Ingila na jiragen ruwa ne da fatauci, Napoleon ya yanki Turai saboda nasa ƙarfin na sojan ƙasa ne. Lokacin jihadin Shehu bai fi shekara ɗaya da farawa ba, idonsu bai kai Binuwai ba tukuna. Ka lura mai zanen Baturen Ingila ne, amma bai raga wa shugabansa ba, dukansu ya nuna su mayunwata.

Ɗan Kusiri:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai Baban Hafsat bai yi nisa da batun ba. Halin da aka zana shi ya iso mana daga baya. A 1891 wani hafsan Faransa, Mizon, ya hauro Binuwai har Yola wurin Lamiɗo Zubairu, alhali kamfanin Royal Niger na Ingila yana ganin kogin da cinikinsa nasa ne shi kaɗai. Rigima ta kai Landan da Faris, a 1893 aka janye Mizon. A kan hauren giwa da ƙaro da wa zai kafa kanti ake wannan faɗa. Ku nemi kuma zanen jaridar Le Petit Journal na 1898 kan Fashoda, wani gari a bakin kogin Nilu da ƙasashen biyu suka yi jayayya a kansa, inda Faransa take ƙaramar yarinya, Ingila kuwa kyarkeci kwance a gado.

Inna Hajara, Ngaundere:
Kun manta Jamus. Garwa da Mubi duk suna hannunta har Ingila da Faransa suka haɗa kai suka ci Garwa a 1915. Suka raba Kamaru, Mubi ta faɗa wa Ingila, sannan ƙuri'ar 1961 ta kai ta Najeriya. Ni abin da ke ci min rai, ƙanwar mahaifiyata ta rasu a can ƙetare, kafin mu gama da takardu an riga an binne ta.

Baban Hafsat, Garwa:
Allah ya jiƙan ta Inna, ya sa ta huta. Na gode muku ƙwarai. Malam, don Allah turo min zanen mai kyau in kai a buga min, ina so in liƙa shi saman keken ɗinki. Yaron zai kai bayanin Mizon makaranta ranar Litinin.