Koktel a otal ɗin tsohon garin Jidda: me ake zubawa a ciki?

Alhaji na Karantina ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekarata 19 a Jidda, amma ban taɓa zama a irin manyan otal ɗin nan ba sai makon jiya, da wani abokin ciniki ya gayyace ni da surukina wani tsohon gida a Balad, wato tsohon garin Jidda, wanda aka gyara aka mai da shi masauki. Bayan sallar isha aka hau da mu bene, inda muka tarar da doguwar kanta, kwalabe jere a bayanta, wani saurayi yana girgiza gwangwanin ƙarfe. Da aka miƙo takardar abin sha na ga sunaye irin su mohito, sai gabana ya faɗi, surukina kuwa ya ce shi dai a ba shi gahawa. Ni ma na bi sahunsa, mai gayyata ya ji ba daɗi. Shin akwai barasa a cikin waɗannan haɗe-haɗe? An sake gayyatarmu ranar Alhamis, ba na son in kuma kunyata mutumin.

Ɗan Shara Mansur ya amsa:

Wa alaikumus salam, Kawu. Wannan ita ce sana'ata, shekara huɗu ke nan ina haɗa abin sha a wani otal. Tun 1952, a zamanin Sarki Abdul'aziz, aka haramta sayar da barasa a ƙasar nan ta Saudiyya, kuma kantin barasar da aka buɗe a unguwar jakadu ta Riyad a 2024 ba otal ba ne, ba kuma na musulmi ba ne. Ku tuna kuma cewa ko a shagon lemo na bakin titi, idan Balarabe ya ce koktel, gaurayen mangwaro da ayaba da sauran 'ya'yan itace yake nufi.

Abin da muke yi iri biyu ne, kuma a nan ya kamata ku sa ido. Na farko daga ɗanyen kaya muke tasowa. Zoɓo, wanda su ke kira karkade, nakan jiƙa shi a ruwan sanyi tun dare, domin tafasawa tana fito da ɗaci. Da safe in tace, in dafa sukari da citta da hel (ƙwayar ƙamshin da ake sa wa gahawa) har ya yi kauri, in ajiye. Idan baƙo ya zo sai in auna kowanne da ɗan ma'auni, in matse lemon tsami a gabansa, in girgiza da ƙanƙara, in tsiyaye a kan ƙatuwar ƙanƙara guda ɗaya, wadda ba ta saurin narkewa balle ta salamce abin. A ƙarshe in murɗe ɓawon lemo a bakin kofin don ƙamshi, wani lokaci in ɗiga ruwan wardin Ɗa'if. Mohiton da ya tsorata ku na'ana'a ce da lemon tsami da sukari da ruwa mai gas.

Na biyu shi ne kwalaben da ake shigowa da su daga waje. Wasu tatattun ganyaye ne da ba su taɓa zama giya ba, wasu kuwa giya aka yi tukuna sannan aka cire mata barasar, kuma a ƙasashe da dama ana yarda a kira abu marar barasa ko da akwai ragowar da ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Ku ce a nuna muku kwalbar ku karanta, ko ku ce ku na ɗanyen kaya kuke so. Babu mai haɗawar da zai ji haushin wannan.

Hajiya Mai Sobiya ta amsa:

Alhaji, ni tsadar ce ta dame ni. 'Yata ta kai ni irin wurin, aka kawo mini kofi mai dogon wuya, rabinsa ƙanƙara, na kurɓa sau huɗu ya ƙare, takarda ta zo riyal 60 har da harajin sayayya na kashi 15 cikin ɗari. Da na ɗanɗana kuwa tsamiya ce da kirfa, irin wadda nake dama wa jikoki da azumi. Daga baya na gane kuɗin gidan na biya. Ginin na dutsen murjani ne, tagoginsa rawashin na katako da iska ke ratsawa, kuma daga inda na zauna ina jin kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda. Tun 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya, kayan da ake sayarwa a unguwar ma suka bi suka yi tsada. In za ku koma, ku je kafin magariba ku fara tsayawa a Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan shigarsa Jidda a 1925, ku ga tsohuwar darbejiyar da ke ƙofarsa.

Malamin Makaranta, Madina, ya amsa:

Allah ya ƙara wa Alhaji tsantseni. Hukunci yana bin abin da ke cikin kofi, ba sunan da aka laƙa masa ba, kuma ƙa'idar da hadisi ya kafa ita ce duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Zoɓo da na'ana'a, ko tulu mutum ya sha, ba za su gusar da hankali ba. Inda malamai suka saɓa shi ne giyar da aka cire wa barasa, kuma da yawansu sun ƙi kwaikwayon zaman mashaya, kamar karo kofuna da juna. Ni kaina ina kauce wa waɗannan biyun. Abin lura na gaske yana ga masu tafiya Dubai ko Alƙahira, inda sunan nan ɗaya yake, kofin ma ɗaya, amma na can da barasa ake haɗa shi sai in mutum ya ce a cire.

Alhaji na Karantina ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa surukina duka, ya ce zai gwada na zoɓon, da sharaɗin a matse lemon a gabansa kuma a zuba masa a kofin shayi. Ɗana na Shara Mansur, in ka san yadda ake faɗin haka da Larabcin masu otal, ka rubuto mini kafin Alhamis.