Lucy da Lucia: suna ɗaya ne ko biyu?

Malama Hauwa, Zuru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da aji shida na firamare a nan Zuru, kuma ni ke haɗa takardun yara na jarabawar shiga sakandare. Akwai wata ɗalibata mai ƙoƙari sosai, takardar haihuwarta ta ce Lucy, katin baftismarta kuma ya ce Lucia. Na je har wurin da mahaifiyarta ke tuyar ƙosai na tambaye ta, ta ce ita dai Lusi ta sani, mahaifin yarinyar ne ya zaɓi sunan, shi kuma ya rasu. Abin ya tsaya mini a rai, don marainiya ce, ba na son in rubuta abin da zai zame mata matsala nan gaba. Don Allah masu sani, suna ɗaya ne? Kuma daga ina ya samo asali?

Baba Sani, Argungu

Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri 'yata, da kika damu da marainiya haka. Suna ɗaya ne. Na koyar da tarihi har na yi ritaya, bari in ba ki abin da na sani.

Asalinsa harshen Latin ne, yaren Rumawan da. Kalmar lux a wurinsu haske ce, daga nan suka sami Lucius na namiji, Lucia na mace. Ana cewa yaron da aka haifa da wayewar gari suke sa wa, kwatankwacin yadda mu ke kiran wadda aka haifa ran Asabar Asabe, ta watan Ramalana kuma Azumi.

Abin da ya yaɗa sunan a Turai wata budurwa ce, Lucia, 'yar garin Sirakusa a tsibirin Sisili na Italiya. An kashe ta a shekarar 304 saboda ta ƙi barin addinin Kirista, a zamanin sarki Diyokilishiyan da ya tsananta wa Kiristoci. Katolika suna ɗaukarta waliyya, suna tunawa da ita ran 13 ga Disamba, masu ciwon ido kuwa suna yawan kiran sunanta a addu'a. Gawarta tana wani coci a birnin Venis har yau, kuma babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin sunanta take ɗauke da shi.

To kowace al'umma sai ta lanƙwasa shi yadda harshenta ya iya. Mutanen Italiya Luciya suke cewa, da "c" irin tamu ta "ciki", wato yadda Bahaushe zai karanta shi kai tsaye. A Sifaniya Lucía ne, kuma ya shafe shekaru masu yawa a jere yana kan gaba cikin sunayen da ake sa wa jarirai mata a ƙasar. Faransawa suna rubuta Lucie, Ingilishi suka mai da shi Lucy, ta hanyarsu kuma ya iso mana.

Bikin ranar Lucia da ya fi burge ni shi ne na ƙasar Suwidin. A Disamba rana ba ta wuce kamar awa 6 a birnin Sitokholm, sauran duk duhu ne. Ran 13 ga watan sai a zaɓi yarinya a makaranta, a sa mata farar riga da jar ɗamara, a ɗora mata kambin kyandirori masu ci a ka, sauran yara su biyo ta a layi suna waƙa. Mafi yawansu ma ba Katolika ba ne, amma sun riƙe ranar gam.

Maman Grace, Yawuri

Sannu Malama. Ni Katolika ce, kuma abin da kika gani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sau da yawa a katin baftisma ana rubuta sunan waliyyar yadda yake a asali, a gida kuma a ci gaba da kiran wanda ya fi sauƙi a baki. Shawarata, ki bi takardar haihuwa, don ita hukuma ke dubawa. Ki ce wa uwar ta tabbata Lucy aka sa a NIN, shi kuma za a bi har WAEC da JAMB. Harafi ɗaya in ya bambanta, sai an kai ga takardar rantsuwa a kotu, kuɗin kuma a ribar ƙosai zai fito.

Malama Hauwa, Zuru

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, ina da Felicia da Patricia ma a ajin. Su ma na Rumawan ne?

Baba Sani, Argungu

Su ma 'yata. Felicia daga felix ne, mai sa'a ko mai farin ciki. Patricia kuwa daga patricius, wato 'yar gidan manya, dangin da suka riƙe sarauta da majalisa a farkon tarihin birnin Rum. Namijinsa shi ne Patrick, sunan waliyyin da mutanen Ayalan ke yi wa biki ran 17 ga Maris.